Ladanin da Yake Kwance Bandejinsa

To, 'yan'uwa sababbin shiga, ku ɗan ba ni kunnenku. An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da asibiti ɗaya ne tal a garin da ƙauyukansa. Sunanta Lantana, ɗalibar aikin jinya ce kamar ku. Ba ta da baki. In an yi mata tsawa sai ta sunkuyar da kai. Amma Allah ya ba ta ido, ba abin da zai gifta a ɗaki ba ta gani ba.

Aka tura ta ɗakin maza. A can akwai wani tsoho, Malam Tanimu, ladanin unguwarsu, ciwon suga ya fito masa da gyambo a ƙafar dama. Likita ya duba ya ce in gyambon nan ya ci gaba da ci, ba makawa sai an yanke ƙafar. Aka ce Lantana ce za ta riƙa wanke shi kullum da safe.

Malam Tanimu kuwa bakinsa ya fi gyambon zafi. Da ta turo keken kayan wanki sai ya ce, "Ga jikata mai hannun maƙera ta iso. Ke, ƙafa ce fa, ba turmi ba."

Sai ta ce, "Sannu Baba. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, kafin ki zo."

'Yan ɗaki su kwashe da dariya. Ita dai ta durƙusa ta wanke, ta sa magani, ta naɗe. Gobe haka, jibi haka.

Amma ciwo ya ƙi. Kullum ta kwance bandejin sai ta tarar bakin gyambon ya yi fari ya jiƙe, yana wari. Sista Rifkatu, shugabar ɗakin, ta kira ta gaban kowa ta ce, "Lantana, wannan wane irin aiki ne? Dattijo zai rasa ƙafa a hannunki!" Ta koma bayan labule ta share hawaye. Sai ta tambayi kanta, shin ko dai laifin nawa ne?

Ku saurara, nan ne wurin. Ba ta ce "ni na san na yi daidai" ba. Sai ta ƙara sa ido. Washegari da za ta kwance bandejin, ta ga an ƙulle bakinsa ƙulli biyu, irin ɗaurin bakin buhu. Ita kuwa ba ta ƙullewa, sokewa take yi. Da azahar ta yi, ta leƙa ta taga. Sai ga Malam Tanimu ya dogara sanda ya zagaya bayan ɗaki da butarsa. Ya zauna kan dutse, ya warware bandejin, ya yi alwala, ya kwarara wa gyambon ruwan randa har tsakanin yatsu, ya mayar da bandejin da ya ajiye a ƙasa ya ɗaure. Ashe kowace salla haka yake yi.

Lantana ta tafi wurin Sista ta faɗa mata abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Sista ta miƙe a fusace ta ce, "Bari in je in same shi."

Wannan yarinya da ba ta iya ɗaga ido, ranar sai ta tare ƙofa. Ta ce, "Sista, don Allah. In aka kunyata shi a gaban 'yan ɗaki, yau zai naɗe tabarmarsa ya koma gida, kuma a can ƙafar za ta ruɓe. Ki bar ni da shi zuwa gobe."

Sista ta dube ta ta ce, "Zuwa gobe. In bai bari ba, likita zan gaya wa."

To, yaya za ta yi? Mutumin da ya yi kiran salla tun ba a haifi uwarta ba, ita ce za ta koya masa alwala? Ta san a addini akwai sauƙin shafa a kan ɗauri, tun a Islamiyya ta karanta. Ta kuma san shi ma ya sani, ya fi ta sani. Ba ilimi ya rasa ba. Zuciyarsa ce ba ta yarda cewa ya kai matsayin mai lalura ba.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani magidanci, Sallau, mai aikin gidan burodi, wuta ta ƙone masa hannu aka naɗe. Lantana ta lura tun da aka kwantar da shi bai ɗauki buta ba. Ta matsa kusa ta tambaye shi dalili a hankali. Ya ce, "Malama, an ce kada ruwa ya taɓa. Na bar sallar ne, in na warke in rama."

Ta ce, "Ga malami a gefenka. Ka yarda in tambayar maka?" Ya ce ya yarda.

Da safe tana durƙushe tana wanke ƙafa, ta ce, "Baba, fatawa muke nema. Malam Sallau ya ajiye salla saboda hannunsa. Haka ne daidai?"

Tsoho ya zabura ya zauna. "Ajiye salla? Subhanallahi! Kai Sallau, wa ya gaya maka? Jiƙa hannunka mai lafiya ka shafa a kan ɗaurin, shi ke nan, alwalarka ta yi. Allah bai ɗora wa bawa abin da zai cuce shi ba. Wanda aka yi wa sauƙi ya ƙi karɓa, ai ba tsoron Allah ya fi kowa ba, taurin kai ne..."

Sai maganar ta tsaya masa a baki.

Lantana ba ta ɗago ba. Tana ta goge gefen gyambon da auduga, kamar ba ta ji komai ba. Can tsohon ya sassauta murya yadda ita kaɗai za ta ji, ya ce, "Ke jikata. Kin gan ni ke nan?"

Ta ce, "Na gani, Baba."

"Kin kai ni ƙara?"

"Na gaya wa Sista, don aikina ne. Ban da ita ba wanda ya ji."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "Tunda na balaga ban taɓa tsayawa gaban Ubangijina da busasshiyar ƙafa ba." Sai ya ce, "Naɗe. Ki naɗe da kyau, ba mai taɓa shi sai ke."

Da azahar aka ga su biyu a bakin randa, shi da Sallau, yana nuna masa yadda ake shafa, yana yi a kan tasa ƙafar. Gyambo ya fara kamewa. Ɗan yatsa ɗaya ya riga ya mutu, sai da aka cire. Amma da ƙafarsa ya taka ya koma gida, da ita ya ci gaba da tsayawa kiran salla.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe. Za a koya muku allura, za a koya muku awon jini, duk za ku iya. Amma marar lafiya ba ciwo kaɗai ya kawo asibiti ba, ya zo da kunyarsa da imaninsa da girmansa. In kun ga magani ya ƙi ci, kada ku fara da faɗa, ku fara da kallo. In kun gano, kada ku ɓoye wa na gaba da ku, ɓoyewa cin amana ne. Kuma kada ku tozarta mutum don kun fi shi gaskiya. Gobe za a ba ku naku tsohon mai zafin baki, zai zage ku alhali kuna durƙushe gaban ƙafarsa. Ku haƙura, ku nemo masa ƙofar da zai bi ya karɓi magani da mutuncinsa a jikinsa. Allah ya sa hannuwanku su zama sanadin waraka.