Man Giya a Jikin Katako

An ce wai a wani gari na ƙasar Katsina an yi wani babban gareji a bayan tashar mota, inda makanikai sama da arba'in suka kafa rumfuna. Shugabansu wani dattijo ne, Sarkin Makanikai Barau, wanda ya ajiye sifana tun da ciwon baya ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, amma ba a yanke magana a garejin sai a gabansa. Suna da doka guda da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk wanda ya kashe motar mutane da ganganci ko da rashin sani, zai kwance rumfarsa ya bar wurin.

A cikinsu akwai Isiyaku, mai gyaran giyar otomatik, wato ta motar da ke sauya giya da kanta. Gwani ne a aikinsa, sai dai ba shi da baki. In yana magana sai ka matso kafin ka ji. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin wani kafin ya samu rumfar kansa, kuma da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu da mahaifiyarsa.

Ran nan Alhaji Ɗayyabu mai kiwon kaji ya kawo tsohuwar motarsa, wadda ta haura shekara ashirin tana jigilar dusa da ƙwai. Ya ce a juye mata man giya a sauya filta, don tun da ya saye ta ba a taɓa yi ba. Isiyaku ya zaro sandar awon mai ya shafa a yatsa. Man da ya kamata a gan shi ja garau ya koma baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance tasar giya. A gindin tasar akwai ɗan mayen ƙarfe da ake sawa don ya kama ɓurɓushi, sai ya same shi ya yi gashi-gashi da garin ƙarfe.

Ya fito ya ce a hankali, "Alhaji, giyar nan ta riga ta ci kanta daga ciki. Kaurin tsohon man ne yake ɗan riƙe ta. Ina tsoron in aka sa sabo..."

Alhaji yana waya da mai sayen ƙwai. Ya kaɗa masa hannu ya ce, "Kai dai yi abin da na sa ka, malam."

Isiyaku ya kama aiki. Ya wanke tasar tas, ya sa sabuwar filta, ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya matse wani ya fi wani ba. Ya zuba sabon mai, ya tayar da inji, ya bi giyoyin duka, ya sake aunawa. Shi kuwa Alhaji, da yake mutum ne da ba ya barin komai nasa a baya, ya ɗauko jarka daga but ya sa aka ɗure masa tsohon man har da lakar da aka kankare daga tasa. Tsohuwar filtar ma ya jefa ta a leda ya tafi da ita.

Kwana uku bayan haka, motar ta tsaya cak a kan hawa. Inji na ta kuka, taya ba ta motsi. Aka jawo ta da igiya zuwa gareji, Alhaji na tafe yana kumfar baki.

Washegari da hantsi aka taru a gindin darbejiya. Isiyaku ya durƙusa a gefe, yana kallon rumfarsa daga nesa, yana lissafa a ransa yadda zai shiga gida ya gaya wa mahaifiyarsa.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin motata tana tafiya lafiya ƙalau. Da ƙafarta ta shigo garejin nan. Hannun wannan mutumin ya taɓa ta, kwana uku ta mutu. Ni ba na neman komai sai dokarku. In kuwa kuka kare shi, zan shiga tasha in gaya wa kowa cewa a nan makaniki ba ya laifi."

Sarki Barau ya dubi Isiyaku. "Kai fa, ɗana?"

"Baba, na gaya masa giyar ta riga ta ci."

"Ƙarya yake!" in ji Alhaji. "Wa ya ji?"

Ba wanda ya ji. Har wasu daga cikin makanikan suka fara raɗa cewa ai kowa ya san ba a taɓa man tsohuwar mota, Isiyaku ne ya jawo wa kansa. Sarki ya daɗe yana shafa gemu. In ya goyi bayan nasa ba hujja, sunan gareji ya ɓaci. In ya bi bakin mai mota ba hujja, ya rushe gidan mutum bakwai.

Can sai ya ɗaure fuska ya ce, "Maganar ta zo da sauƙi. Alhaji ya ce da tsohon mai motarsa lafiya take. Isiyaku, kawo tsohon man mu gani. In ka zubar ko ka sayar, ka ɓoye shaida ke nan, yau ɗin nan za ka kwance rumfa."

Kafin Isiyaku ya buɗe baki, Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. "Ya sayar? A gabana? Ranka ya daɗe, ni ba a yi min haka. Na tafi da abina. Na shafe katakon kejin kajina da shi saboda gara, saura ma yana nan a jarka."

Sarki ya ce, "Anya, Alhaji? Yaran nan nawa ne, na san halinsu. Ka tabbata bai musanya maka da na wata motar ba?"

"Ni na riƙe jarkar da hannuna, idona a kan tasar har ɗigon ƙarshe."

"A gida fa? Ba wanda ya ƙara wani abu a ciki?"

"Makullin sito a aljihuna yake kwana."

Sarki ya juya ga taron. "Jama'a, kun ji da kunnenku?" Suka ce sun ji. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "To, mu je mu gaida kajin Alhaji."

Aka cika motoci biyu zuwa gonar kajin. Tun kafin su ƙarasa, wani mai faci ya nuna da yatsa ya ce, "Kai! Alhaji, kwalliyar biki ka yi wa kajin?" Rana ta bugi sababbin katakan kejin, suna ta ƙyalli kamar an barbaɗa musu garin azurfa. Sai a lokacin Isiyaku ya gane inda dattijon ya dosa.

Sarki ya sa aka fito da jarkar. Ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu, ɗaure da waya, ya miƙa wa Alhaji. "Kada wani makaniki ya taɓa. Kai da kanka za ka tsoma." Alhaji ya tsoma ya jujjuya ya ɗago, sai ga shi ya fito butu-butu da garin ƙarfe. Aka fasa tsohuwar filtar a kan dutse, ɓurɓushi ya zubo har da wanda ya kai ƙwayar gero.

Sarki ya ce, "Alhaji, kai ka rantse cewa man nan na motarka ne, kuma tun da ya fito daga cikinta ba hannun da ya taɓa shi sai naka. Wannan ƙarfen da kake gani naman giyarka ne. Ya zube ne kafin ɗigo ɗaya na sabon mai ya shiga. Isiyaku awa biyu ya yi da motar, ƙarfe kuwa ba ya niƙe kansa haka sai an yi shekaru ana hana shi mai mai kyau. Ba Isiyaku ne ya kashe ta ba. Shi dai ya zo ya tarar tana gargara."

Alhaji ya dubi hannunsa baƙi, ya dubi kejin. Sannan ya ce, "Wato ni da kaina na ɗauko mai shaidarsa na ajiye a sito, har da kulle shi." Aka fashe da dariya, har kaji suka firgita. Ya matso ya miƙa wa Isiyaku hannu. "Malam Isiyaku, na tuna ka fara wata magana ina waya. Ka yafe min."

Sarki ya ce, "Rumfarka tana nan, ɗana. Amma kai ma da naka. Ka ga gaskiya da idonka, ka faɗe ta kamar mai tsoron kada a ji. Daga yau, duk wanda zai juye man giya a garejin nan, sai ya ɗiga tsohon a farin ƙyalle, ya nuna wa mai mota a gaban mutum biyu. In mai motar yana waya, a jira ya gama."

Suka koma gari ana ta danna oda tun daga gonar har ƙofar gareji, makanikai suna buga sifana a jikin rumfar Isiyaku suna kiran sunansa. Alhaji ya hana a kai motar ko'ina, ya ce wanda ya gane cutar shi zai yi magani. Isiyaku ya sauke giyar ya sake mata kayan ciki, ranar da ya gama kuwa motar ta haye hawan nan da buhu goma na dusa ba ta ko yi nishi ba. Da ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Alhaji, kada ka sake barin man nan ya yi baƙi," har masu shayi a bakin tasha sai da suka ji muryarsa.

Masu hankali suka ce: kada ka ɗora ɓarnar shekaru a kan hannun da ya taɓa abu a ƙarshe. Kai kuma da ka ga gaskiya, ka ɗaga murya tun kafin ka ɗaga sifana.