Karkiya a Kan Gyambo

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan da ransu. Mutumin nan ba ya sata, ba ya shaye-shaye, a sahun gaba yake salla. Ciwonsa guda ɗaya ne: ƙaninsa Ilu.

Da mahaifinsu ya rasu aka raba musu gona da shanun huɗa, kowa biyu. Da yake shi ne babba, shi ya fara zaɓa. Ya ɗauki ja da fari, waɗanda kowa ya san sun fi ƙarfi. Ilu ya kora ragowar yana godiya. To su shanu ina ruwansu da rabon gado? Hannun da ke zuba musu dusa da harawa suka sani. Kafin shekara ta zagayo, na Ilu sun murje suna sheƙi. In aka yaba su a majalisa, sai mutumin nan ya tashi ya ce kansa ke ciwo. Gonakinsu iyaka ɗaya, amma ya fi sanin abin da ke cikin ta Ilu a kan tasa.

Dab da damina, garin jan amalanken taki, karkiya ta goge wuyan jan san har ya zama gyambo. Matarsa Safara'u ta matsa aka kira likitan dabbobi daga Gumel, Malam Aminullahi. Shi likitan ya san san nan farin sani, don shi ya ciro shi daga cikin uwarsa a zamanin marigayi. Ya wanke ciwon, ya yi allura, ya bar magani.

Ya ce, "Maigida, wannan mai warkewa ne. A wanke safe da yamma, kada karkiya ta taɓa shi sai ya kame. Haka na Ilu ya yi bara, ya bi abin da na ce, ga shi kamar ba a yi ba."

Duk maganar nan, sunan Ilu kaɗai ya shiga kunnensa. Wato har wajen jinyar sa ma Ilu ya fi shi? Likita na tayar da babur, mutumin nan ya cusa maganin a saƙon danga.

Ruwa ya sauka, shuka ta tashi, lokacin huɗa ya yi. Ilu ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka bar jan nan ya huta. In na gama tawa sai in kawo nawa mu yi taka."

Ya ce, "Wa ya gaya maka shanuna ba su da lafiya?"

Washegari ya shafa wa gyambon baƙin mai, ya ɗora tsumma, ya aza karkiya. San yana karkata wuya, shi yana zuba masa bulala, idonsa na can tsallaken iyaka. Ya kuwa riga Ilu gamawa. Ranar ya ci tuwo har da neman ƙari. Wannan ita ce duk ribar da ya ci.

Wuya ya kumbura, tsutsa ta shiga, sa ya daina cin abinci. Me mai hankali zai yi? Shi dai mutuminmu sai ya ja san cikin kangon da ke bayan gidansa, ya kewaye da zana, don kada Ilu ya gani ya ji daɗi. Ilun da ko a mafarki bai taɓa yi masa dariya ba. Likita ya biyo don kansa ya duba, aka ce masa sa ya warke, yana wajen kiwo. Ya tafi yana murna.

Sai da wari ya hana Safara'u girki ta buga wa likita waya ba da sanin mijinta ba. Ya zo ya tarar da sa a kwance, ƙuda ya rufe shi. Ya durƙusa cikin ƙazantar nan ya yi duk abin da ya sani, amma lokaci ya ƙure. San ya mutu kansa a kan gwiwar mutumin da ya fara taɓa shi a duniya, ko wuƙa ba a samu sa masa ba. Malam Aminullahi ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi idonsa ja, abin da ya ce kawai shi ne, "Maigida, me ya yi maka?"

Saura fitar da mushe. Farin shi kaɗai ba zai iya jan sa ba. Shanun Ilu aka ɗaure wa igiya, su suka ja shi ta tsakiyar gari da rana tsaka, kowa yana kallo, har bakin daji. Ilu yana tafe yana share hawaye. Wansa kuwa yana biye, ba gawar yake kallo ba, ƙibar shanun yake kallo.

Sa ɗaya ba ya huɗa. Ya sayar da farin, ya ƙi taimakon ƙaninsa, gona ta tafi jingina ba ta dawo ba. Yanzu duk ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari, yana tura shanun mutane cikin tirela.

Ya 'yan uwa, dabba amana ce. Ba ta da bakin kai ƙara a nan, amma akwai ranar da za a saurare ta. Ita kuwa hassada, ku duba ku gani: Ilu ko gashin sa ɗaya bai rasa ba. Kowannenmu ya tambayi kansa, wace amana ce ke ruɓewa a bayan zanarsa, alhali idonsa yana gonar ɗan'uwansa?

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi, ya ba mu ikon riƙe abin da ya damƙa mana. Allah ya kiyaye mu, amin.