Ganyen Safe da Ganyen Rana

Akwai wata mata mai suna Chia-yin, matar ɗan wata tsohuwa da ake kira Ama Yu, a wani ƙauyen manoman shayi da ke saman duwatsun Lugu. Kafin ta yi aure ta shekara takwas tana koyarwa a makarantar ƙarin darasi a birnin Taichung, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

'Ya'yanta uku. Wen-hui tana da shekara goma sha uku, A-Kun tara, auta Ning-ning biyar.

Da yara suka yi ƙaranci a ƙauyen aka rufe firamaren, aka mayar da sauran ɗalibai makarantar gari da ke gindin dutse. A-Kun yana da i'ina. Zango ɗaya ya yi a can, yana kwana gidan gwaggonsa saboda nisan hanya. Yaran ajinsa suka sa masa suna Tsohon Babur, wai sai ya yi ta tari kafin ya tashi. Ya dawo hutu wando na zame masa a ƙugu, maganar ma ya daina.

Chia-yin ta nemi izinin koyar da yaranta a gida. Kwamitin ilimi na gunduma ya ba ta shekara ɗaya. In shekara ta zagayo, malamai biyu za su hawo su ga abin da yaran suka koya, idan ba su gamsu ba a koma makaranta. Wen-hui ko'ina aka kai ta za ta ci. Ning-ning ba ta isa shiga makaranta ba tukuna. Wanda zai koma hannun masu kiransa Tsohon Babur shi ne A-Kun.

Ta yi odar manhaja daga birni, kwali uku cike da littattafai. Ta liƙa jadawali a bango, ta sayo ƙararrawa. Yara uku a tebur ɗaya, darasi ɗaya, minti arba'in. Ƙarfe takwas kowa ya miƙe tsaye ya yi karatu da ƙarfi.

Wen-hui takan gama nata cikin minti goma ta zauna tana hamma. Ning-ning tana ƙarƙashin tebur tana hira da kare. A-Kun kuwa yana maƙale a layin farko, uwarsa ido ɗaya a kansa ido ɗaya a agogo. Da ya fara kame-kame sai ta ƙarasa masa kalmar.

Ama Yu ba ta taɓa shiga aji ba. Tana shekara bakwai aka ɗaura mata kwandon tsinkar shayi a ƙugu, in takarda ta zo hatiminta take dangwalawa. Ranar da ta fara jin ƙararrawar, fitowa ta yi da kwano a hannu.

"Na ɗauka mai tallan awara ne ya iso."

"Mama, tsari ne. Masana suka yi shi."

"Masanan sun taɓa ganin A-Kun?"

"Mama, harkar karatu ce. A bar wa waɗanda suka yi."

Ama ta dube ta, ta koma da kwanonta. Ba ta sake cewa uffan a kan karatu ba.

Cikin wata bakwai Chia-yin ta canza manhaja sau uku. Ta farko ta ce ta yi wuya, ta biyu wasa ya yi mata yawa, ta uku a kwamfuta take. A-Kun dai bai taɓa kai ƙarshen shafi ba. Da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Mijinta Ming-te ya ce, "Ki sassauta masa mana." Ta ce, "In na sassauta, kwamitin zai sassauta?"

Sai lokacin tsinkar ganyen bazara ya zo, hannu ya yi kaɗan. Ming-te yana gona tare da masu tsinka, Ama tana wajen tukunyar gashi. Aka bar wa Chia-yin ɗakin shanya: in kwanduna sun iso ta baza ganye a fayafayan gora, ta riƙa juya shi a hankali har ya yi laushi.

Ta ga fayafayai sun cika ɗaki, wasu ma rabi ne. A ganinta ɓarnar wuri ce. Ta haɗa ganyen safe da na tsakar rana ta daidaita su, kowane faifai daidai da ɗan'uwansa, gwanin sha'awa. Ta saita wayarta ta riƙa kaɗawa duk bayan awa biyu, kamar yadda ta karanta.

Da la'asar Ama ta shigo. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya, ta ja numfashi ta hanci. Ta sa hannu a faifai ta ɗebo, ta ware ganye biyu a tafinta. Ɗaya gefensa ya yi ja ya ƙanƙame, ɗaya shar yake yana warin ɗanyar ciyawa.

"Wa ya haɗa su?"

"Ni ce, Mama. Ai gona ɗaya suka fito."

"Gona ɗaya, uwa ɗaya. Wannan da raɓa ya zo, sai an ba shi lokaci ya zubar da ruwa. Wancan rana ta riga ta dake shi tun yana reshe. In kin jira wannan, wancan ya wuce. In kin bi wancan, wannan ɗanye ne. Wayarki tana da hanci?"

Ganyen da aka tsinko ran nan duka bai yi shayin shiga gasa ba. Aikin masu tsinka mata goma sha ɗaya tun asuba ya koma na gama-gari.

Chia-yin ta tsaya kanta a ƙasa. Ta ɗago, ta ga idon Ama yana kan teburin karatu da ke can zaure.

"Mama, kina nufin yaran?"

"Ni shayi nake magana. Karatu an ce a bar wa waɗanda suka yi."

Kashegari Ama ta aiko da hukunci. Tunda an lalata mata ganye, tana bukatar mai rubuta wa kowane faifai takarda, lokacin da aka tsinko da gonar da ya fito. A ba ta A-Kun kullum da safe. Dole Chia-yin ta ba ta shi.

Kwana huɗu bayan haka tana wucewa ta bayan ɗakin shanya ta ji murya. Ta leƙa ta taga. A-Kun na zaune a kan buhu yana karanta wa Ama wasiƙar ƙungiyar manoma. Ya zo wata kalma ya maƙale. Ama ba ta ko dube shi ba, hannuwanta na cikin ganye. Ya gwada, ya sake gwadawa, a karo na biyar kalmar ta fito. Ya ci gaba har ƙasan shafi.

"To me suke so kenan?" in ji Ama.

"T-taro za a yi ranar Laraba."

"Shafi guda don su ce taro. Masu ilimi ba su da aikin yi."

Yaron ya yi dariya. Rabon Chia-yin da jin dariyarsa tun kafin makarantar gari.

Da ya fita ta shiga. "Mama, me ya sa da ya maƙale ba ki taimaka masa ba?"

"Da me? Ban san abin da ke rubuce ba. Dole in jira shi. Ke kin sani, shi ya sa ba kya iya jira."

Chia-yin ta zauna a kan buhun da yaron ya tashi.

"In ke ce, Mama, yaya za ki yi da su ukun?"

"Yanzu an tambaye ni?"

"An tambaye ki."

"Kowa faifansa. Babbar, ki ba ta littafi mai wuya ki tashi daga kanta, ki dawo ki duba. Ƙaramar ta zo ta tsince mini tsinke daga ganye tana ƙirgawa, yayarta ta nuna mata harafi biyu a rana, ya isa. Shi kuwa kada ki tsaya a gabansa. Zauna a gefensa, ki ba hannunki aiki, ki rufe bakinki."

Daga kwali uku Chia-yin ta zaɓi littafin lissafi da na harshe ga kowane yaro gwargwadon shekarunsa, sauran ta ɗaga sama. Rufe bakin ne ya fi ba ta wuya. Kabeji da wake da ta gyara a wata huɗun da suka rage kafin zuwan malaman sun isa gidan biki. A-Kun kuma ya buɗe littafi na kansa, yana rubuta duk abin da Ama ta faɗa a kan shayi, har da zagin.

Ranar da malaman suka hawo, Malam Tseng mai furfura da wata matashiya Malama Ko, Wen-hui ta amsa tambayoyi har ta gyara wa Malama Ko wani lissafi. Ning-ning ta ƙirga musu tsinke har sittin, ta nuna musu karen.

Malam Tseng ya juya. "A-Kun, karanta mana abin da ka ga dama."

Yaron ya buɗe littafinsa. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito. Wuyansa ya yi ja. Chia-yin tana ganin kalmar farko daga inda take zaune, tana nan a bakin harshenta. Ta jawo kwanon wake ta sunkuyar da kai ta fara ɓara.

Malama Ko ta ɗauki biro.

Ama tana zuba wa baƙi shayi, ba ta ɗago ba. "A-Kun, mutanen nan ba su san bambancin ganyen safe da na rana ba. Kada ka bari su sauka dutse da jahilci."

Ya ja numfashi. "G-g-ganyen s-safe da raɓa yake zuwa." Ya tsaya. "Sai an ba shi lokaci."

Ya maƙale sau bakwai, ya karanta shafi biyu. Da ya zo inda Ama ta ce mai haɗa ganye kansa ba komai sai ƙararrawa, Malam Tseng ya yi tari cikin kofinsa, Chia-yin ta ƙara sunkuyawa kan wake.

Malamin ya ce, "Ta yaya ake gane ganye ya isa juyi?"

"Da hanci, Malam. In w-warin ciyawa ya tafi, ƙamshin fure ya zo."

Aka fito da takarda, a sa sunan masu koyarwa. Chia-yin ta rubuta nata, ta tura wa Ama. "Akwai saura."

Ama ta laluba aljihu za ta fito da hatimi. A-Kun ya ce, "Ama, ban da hatimi."

Ta harare shi. Ta karɓi biron ta riƙe kamar wuƙar dasa. Layi uku a kwance, ɗaya a tsaye, ɗigo a gefe. Ya karkace, ya fita daga gurbinsa, amma sunanta ne, Yu, a irin rubutunsu.

Chia-yin ta ce, "Mama, wa ya koya miki?"

Ama ta nuna A-Kun da haɓa. "Malamina. Wata biyu ina kan wannan ɗigon, bai taɓa duba agogo ba."

Bayan mako uku wasiƙar gunduma ta hawo dutse, an sabunta izini. A-Kun ne ya karanta wa Ama ita a ɗakin shanya, tana juya ganye, uwarsa na bakin ƙofa tana ɓarar wake. Ƙararrawar tana nan rataye a ƙofar gona, da ita ake kiran masu tsinka cin abinci.

Darasi: 'Ya'ya ko ciki ɗaya suka fito, kowa da raɓar da ya zo da ita. Kafin ka zaɓi littafi ka fara duban yaron, kuma kada ka raina wanda bai shiga aji ba, wataƙila haƙurin da ka rasa yana wurinsa. Ku tura wa duk uwa ko uban da ke tsaye a kan ɗansa da agogo a hannu.