Kunun Tsohuwar Bushiya

"To ku matso, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu sha, Kaka!"

A garin namun daji akwai wata tsohuwar Bushiya. Idonta ya dushe, ƙayoyinta sun zube, ba ɗa ba jika. Kurciya ce kaɗai ke leƙa ta.

Ran nan Gizo ya miƙe a fadar Zaki ya ce, "Ranka ya daɗe, a riƙa dama wa tsofaffi kunu kullum safe mana." Fada ta ɗauki sowa. Gaskiya shawarar ta yi kyau, ko da daga bakin Gizo ta fito.

Kurciya ta ce, "Madalla. Geron fa, daga ina?"

"Rance za mu ci."

"A ware wa kunun gonarsa dai, mu yi gayya mu nome."

"Haba Kurciya! Ga gero jibge a rumbun maƙwabta, sai mu je rana ta gasa mu?"

Zaki ya yi hamma ya ce a bi ta Gizo.

Shekarar farko Gizo ya ranto wurin Tururuwa. Kurciya ke kai wa Bushiya nata kunun, tsohuwa ta sha tana sa albarka. Shekara ta biyu ya ranto wurin Kurege, ya toshe bakin Tururuwa da rabi. Ta uku ya ranto wurin Gafiya. Kai angona, rufe bakin nan kar sauro ya faɗa!

Ana jiran ruwan shuka sai ga masu bin bashin su uku a ƙofar fada, kowa da buhunsa. Rumbu wayam. Suka ɗaga kai, suka hango zangarkun irin shuka na gari rataye a zaure, suka kwashe tas. Gizo kuwa tuni ya maƙale a rufin ɗaki.

Da safe Kurciya ta je hannu wofi. Ta tarar da Bushiya a bakin ƙofa, ta wanke ƙoƙonta tana jira.

"'Yar nan, yau kin makara."

Kurciya ta fashe da kuka ta faɗa mata komai. Wallahi ni ma duk na zo nan sai zuciyata ta karye.

Bushiya ta ce, "Ashe tuwon yaran gari na baɗi nake shanyewa? Da na sani, da ban haɗiya ba." Ta kife ƙoƙon. Kurciya ta kawo mata tsaba, ta ƙi. Ta kawo fura, ta ƙi. Sai ganyen tafasa ta yarda ta ci, don shi ba a ranto shi ba.

Kurciya ta je fada ta ce, "Iya za ta mutu da kunyar bashin da ba ita ta ci ba."

Kunya ta kama kowa, har Zaki. Kowane gida ya ɗebo ɗan irin da ya ɓoye, aka share fili, aka yi gayya. Aka ce wannan gonar kunu ce, ko Sarki ba ya taɓa ta.

Da kaka ta yi, Kurciya ta kawo kunu mai zafi. Bushiya ta rame ƙwarai, muryarta da ƙyar take fita.

"Wannan kuma wurin wa aka ranto?"

"Ba kowa, Iya. Gonarku ce ta ba da shi."

Ta shanye, ta lashe baki, ta miƙo ƙoƙon. "To ƙara min, 'yar nan."

Kun ji ko? In za ku ɗauki alherin da za a daɗe ana yi, ku fara nema masa gonarsa. In da rance kuka yi shi, waɗanda ba su sha ba su za su biya.

Nan ta tsaya, ƙurungus kan ɗan kusu. Kowa ya nemi tabarmarsa.