Kujerar da Ba Ta Tashi Ba

Ku ɗan matso, jama'a, na bayan can ku mayar da wayoyinku aljihu. An yi wani mutum a wata ƙasa, ba zan faɗi sunanta ba, kuma shekarun sun yi nisa. Wani bawan Allah ne, makaniken jiragen yaƙi a barikin sojan sama, ana ce masa Saje Mamuda. Shekara ashirin da shida yana kwance ƙarƙashin jirage da sifana a hannu, bai wuce igiya uku ba.

Yana da wani aikin na biyu da ba a biyansa ko sisi. Shi ne mai wankan gawa na barikin. Duk sojan da ya rasu, babba ko ƙarami, ta hannunsa yake bi. Har matasan matuƙa sukan tsokane shi, su ce, "Baba Saje, daina kallonmu haka, likkafani kake auna mana?" Sai ya yi murmushi ya koma kan aikinsa.

Ana nan yaƙi ya taso wa ƙasar ta iyaka, jiragensu kuwa duk sun tsufa. Aka kafa kwamitin sayen wasu, aka ɗora wani babban hafsa mai suna Shu'aibu a kai. Kuɗin da ke ƙasa zai sayi sababbi takwas, ko kuma na hannu guda ashirin da huɗu da wata ƙasa ta daina amfani da su. To ku saurara, don na san halinku, da an ce kwangila sai ku fara tsinuwa. Mutumin nan bai ci ko kwabo ba. Iyaka ce mai tsawo, garuruwa suna ta kukan a kawo ɗauki, jirgi takwas ba za su kai ko'ina ba. Ya ce da babu gara ba daɗi, a sayi masu yawan.

Amma doka ta ce sai makanike ya duba ya sa hannu. Aka ɗauki Saje Mamuda, Shu'aibu da ayarinsa suka tafi da shi ƙasar da jiragen suke.

A wani fili cikin hamada aka ajiye jiragen. Suka isa da tsakar rana. Kowane an lulluɓe shi da farin tamfol, an jera su sahu ɗaya kamar ana jiran liman. Babu tsuntsu, babu ƙadangare, ko ƙuda babu. Mamuda ya duba inji, lafiya lau. Ya duba fukafukai, ya duba bindigogi, duk lafiya lau. Sai ya hau tsani zuwa wurin zaman matuƙi.

Ga wanda bai sani ba, kujerar jirgin yaƙi ba kujerar falonku ba ce. Akwai albarushi a ƙarƙashinta. Idan jirgi ya kama da wuta, matuƙi zai ja wani zobe da ke tsakanin ƙafafunsa, ta cilla shi sama, lema ta buɗe, ya sauko da ransa. Ita ce ƙofarsa ta ƙarshe.

Rana ce irin wadda tsanin ma yake ƙona tafin hannu. Amma da ya ɗora hannu a kan kujerar sai ya ji ta da sanyi. Jama'a, sanyin ƙarfe daban, sanyin randa daban. Wannan sanyin, duk cikin ayarin shi kaɗai ya san shi, domin ya sha taɓa shi a kan tabarmar wanka. Sai kuma ƙanshin kafur ya bugi hancinsa. Ya sauko, ya hau na biyu, haka. Ya hau na uku, haka. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gama ashirin da huɗun. Ni ban ce muku aljanu ba ne, ban ce muku komai ba. Yadda aka ba ni, haka nake ba ku.

Ya rarrafa ƙarƙashin kujerun, ya goge wani ɗan ƙarfe mai rubutu. Albarushin ya mutu tun shekara tara da suka wuce, kuma an daina yin irinsa. Sai dai a canza kujerun gaba ɗaya. Arahar ke nan.

Ya sami Shu'aibu a inuwar fiffike, ya sara masa, ya ce, "Yallaɓai, jiragen nan za su tashi, za su yi faɗa. Amma kujerun ba za su tashi ba. A bar huɗu, a sayi ashirin, a canza kujeru da kuɗin huɗun."

Shu'aibu ya ce, "Saje, canjin nan shekara guda zai ci. Ka san mutum nawa za a yanka a ƙauyuka kafin nan? Kuma jirgi nawa ne yake faɗuwa? Ka sa hannu, daga baya mu gyara."

Mamuda ya ce, "Ban fi ka sanin yaƙi ba, Yallaɓai. In za a saya a haka, a saya, amma a rubuta gaskiya, a gaya wa yaran abin da za su hau. Takardar nan cewa ta yi kujeru lafiya suke."

"In aka rubuta haka, wa zai hau? Saura shekara biyu ka yi ritaya, Saje. Ka tuna da iyalinka."

Mamuda ya dubi hannunsa ya ce, "Ka yi haƙuri, Yallaɓai. Hannun da zan sa a takardar nan, shi zan sa a jikinsu."

Suna dawowa aka sallame shi daga aiki, aka ce ya ƙi bin umarni. Aka fitar da shi daga gidan bariki, ya kama haya a bayan katanga shi da matarsa, yana gyaran janareto. Wani ya sa hannu, jirage suka iso. Kuma ku ji gaskiya, sun yi aiki. Wata goma sha ɗaya suna korar abokan gaba, garuruwa da dama suka samu barci. Mutane suka riƙa nuna Mamuda da baki, tsoho mai jin warin gawa a jikin ƙarfe. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma duk jirgin da ya wuce ta saman ɗakinsa sai ya ajiye sifana ya ce, "Allah Ka sa ni ne na yi kuskure."

Wata rana da hantsi, wani matuƙi mai suna Lurwanu yana dawowa, ungulu ta faɗa injinsa, wuta ta kama. Shu'aibu yana ɗakin rediyo, ya karɓi abin magana ya ce, "Fita, Lurwanu, ja zoben." Muryar ta dawo a natse: "Na ja, Yallaɓai. Na ja sau uku. Ba ta tashi ba." Sai kalmar shahada, sai shiru.

Aka rasa mai wanka, dole aka aika bayan katanga. Mamuda ya zo da sabulunsa da kafur. Kun san mai wanka yana bukatar mai zuba masa ruwa. Shu'aibu ya tuɓe hula ya ce shi zai zuba. Aka rufe ƙofa, daga su biyu sai mamaci.

Hannun daman Lurwanu a dunƙule yake, zoben yana ciki, ya fizge shi daga mazauninsa. Mamuda ya sa ruwan ɗumi, ya murza yatsun a hankali yadda ya saba, suka ƙi buɗewa. Ya sake, suka ƙi. Sai ya ja da baya ya ce, "Yallaɓai, ko za ka gwada." Shu'aibu ya ajiye buta, ya taɓa. Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya, zoben ya faɗo cikin tafinsa. An ce a ranar, kafin a kai Lurwanu makwancinsa, Shu'aibu ya ba da umarni kada jirgi ɗaya ya sake tashi sai an canza kujera, kuma ya rubuta da hannunsa cewa laifinsa ne. Mamuda kuwa ba a mayar da shi aiki ba, bai kuma nema ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Sayen mai araha ba zunubi ba ne, wani lokacin ma dole ce. Zunubin shi ne ka san aibin abu, ka shaida cewa lafiya yake, ka miƙa wa wanda ya amince da kai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma shi yaron nan ba a gaya masa rariya ba ce. Kada ku ce ai mu ba ma sayen jirgi. Kai makanike da ka ɗaure birki da waya ka ce wa direba ya je kawai, kai magini da ka rage siminti a ginin makaranta, ke mai kemis da kika kankare kwanan wata a jikin kwalba, duk kujera ɗaya kuke sayarwa. Shu'aibu an ba shi zobensa tun a duniya, ya samu damar tuba. Wasunmu sai a ranar da babu tuba za a buɗe hannun wani a gabanmu. Allah Ya sa mu faɗi gaskiya tun mai hawa bai hau ba.