Robar da Aka Naɗe a Tishu

Akwai wata matar aure, 'yar shekara ashirin da ɗoriya, wadda abokan wasanta na ƙwallon raga suke kira Shiru-Shiru. Ba magana ta rasa ba. Haƙoranta biyu na gaba ne suka hau juna tun tana ƙarama, kamar mutum biyu da suka tashi shiga ƙofa ɗaya kowa ya ƙi ja da baya. Duk sa'ad da dariya ta taso mata, hannunta yakan riga dariyar isa baki.

Wuri ɗaya ne hannun ba ya samun sukuni, wato wajen wasa. A babban zauren wata makaranta matan suke buga ƙwallo da yamma bayan ɗalibai sun tashi. Tagogin zauren suna can sama, rana tana zubo haske ta cikinsu a karkace. In ƙwallo ta tashi ta shiga hasken nan, sai ta yi kamar ta manta hanyar saukowa. A ɗan lokacin nan Shiru-Shiru takan ga kanta a sama, hannu biyu a miƙe, baki a buɗe tana dariya. Da ƙwallon ta faɗo, mafarkin ma sai ya faɗo.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin hali. Shi ya kai ta wurin likitar haƙori. Bayan an auna bakinta, aka ba ta wata siririyar roba garai-garai kamar gilashi, wadda ake kifa wa haƙora tana tura su a hankali har su daidaita. Aka haɗa mata da ɗan akwati shuɗi na ajiye ta.

Likitar ta ce, "In za ki ci abinci, ko za ki sha wani abu da ba ruwa ba, ki cire. Ban da haka tana bakinki dare da rana. In wannan ta gama aikinta, sai a sa ta gaba."

"Har wajen wasa?"

"Har wajen wasa. Ai ba dambe kike yi ba. Kuma in kin cire, akwatinta za ki sa ta. Kada ki naɗe ta a komai."

Sai dai robar ta ɗan ɗaure mata harshe, magana tana fita da 'yar iska. Ga shi a ƙwallon raga dole wadda za ta tari ƙwallo ta ɗaga murya ta ce, "Tawa ce!" don kada biyu su yi karo. Ga kuma Kyaftin, shugabar ƙungiyar, mace zanƙaleliya mai murya kamar ƙararrawa, harshenta kuwa ba ya ƙetare kowa.

"Shiru-Shiru, bakin nan naki na ado ne? Kira ƙwallo mana, ko sai mun aiko miki da takardar gayyata?"

Sauran suka kwashe da dariya. Shiru-Shiru ta ce a ranta, yau ana dariya don ban yi magana ba, ina ga ranar da suka ji yadda maganar take fita?

Daga ranar ta ɓullo da dabara. Kafin ta shiga zaure sai ta raɓe bayan ƙofa ta zare robar. Shuɗin akwatin kuwa gida take barin sa, don kada a ce mene ne wannan. A tishu take naɗe ta, ta tura ƙarƙashin jakarta a kan benci. Bayan wasa a zauna hira ana shan lemo, ta taka zuwa gida, ta ɗora tukunya, robar ba ta koma baki ba sai an ci an wanke kwano.

Ranar da ta koma asibiti, roba ta gaba ta ƙi zama. Likitar ta danna nan, ta danna can, ta girgiza kai.

"Haƙori ba ya son a kama shi a saki, komawa yake yi inda ya fito. Ci gaba da wadda kike da ita. In kin dawo wannan ta sake ƙin zama, sai mu sake awo, mu fara daga farko."

Daga farko! Dariyar da take hange cikin hasken tagogi ta ƙara yin nisa.

Ta biya shagon mijinta. Agogai sun cika bango, kowanne yana ƙas-ƙas ɗinsa, kamar ruwan sama na sauka a hankali kan rufi. Ta zauna ta yi tagumi.

"Maigida, ni fa ban ga abin da ya motsa ba."

Ya cire ɗan gilashin da ke idonsa, ya nuna mata ƙaramin hannun wani agogo. "Zuba masa ido. Yana tafiya?"

Ta kalla har idonta ya kawo ruwa. "A tsaye yake."

"To sha ruwa, ki huta."

Suka ɗan taɓa hira. Da ta sake ɗaga kai, hannun ya bar inda yake.

Ya ce, yana murmushi, "Haka yake aikinsa, ba ya son 'yan kallo. Amma in ana cire masa batir kowace yamma, ranki ya daɗe, ba ruwan mai gyara."

Ta sunkuyar da kai. Ashe ya lura. Ta ƙudura a ranta ta daina cire robar.

Amma washegari, tana isa ƙofar zauren ta jiyo muryar Kyaftin tana yi wa wata tsiya, sai ƙarfin halin ya narke. Ta ce yau kaɗai. Ta zare, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin jaka.

Aka tashi wasa, ta ɗaga jaka, wayam. Bencin fes, an kwashe kwalabe da takardu.

Kyaftin tana ɗaure takalmi tana faɗa. "Manyan mata da ku, kowa ta share gumi ta jefar! Ni ce baiwar gidanku? Na kwashe na zuba a shara."

Shiru-Shiru ta ajiye jakar. Ta fita bayan zauren inda babban kwandon shara yake, ta tsaya a kansa. Tishu ne fari fat a ciki, duk kamarsu ɗaya. In robar nan ta ɓata, kafin a yi wata haƙoran sun gama komawa.

"Ke kuma zinariya kika yar?" Kyaftin ce a bayanta, jaka a kafaɗa.

Babu wurin ɓuya. Da murya kamar ta sauro Shiru-Shiru ta faɗa mata komai, tana jiran dariya ta fashe.

Ba a yi dariya ba. Kyaftin ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta kifar da kwandon. Suka durƙusa su biyu suna buɗe tishu ɗaya bayan ɗaya, rana tana yin ja a kan katanga. Can Kyaftin ta ɗago wani abu, hasken yamma ya ratsa ta cikinsa kamar ƙanƙara.

"Ga amaryar. A wanke ta da kyau kafin ta koma ɗakinta."

Suka je famfo suka wanke hannu. Sannan Kyaftin ta sa farce can gefen bakinta, ta zaro wata roba irin ta sak.

Shiru-Shiru ta saki baki, har ta manta ba ta rufe ba.

"Tun kafin ki shigo ƙungiyar nan nake sa irinta. Da ita nake yi muku tsiya kullum. Kin taɓa gani?"

"Wallahi Yaya, ban taɓa ba."

"To wa ya gaya miki naki bakin ake kallo? Kowa ƙwallo take kallo, ƙanwata. Da farko ni ma kamar tayar da ta huje nake magana. Harshe sabawa yake yi in an bar shi ya yi aiki. Ke kin tura naki hutu."

Ranar wasa ta gaba Shiru-Shiru ta wuce bayan ƙofar nan ba ta tsaya ba. Ana cikin wasa ƙwallo ta tashi sama, ta shiga hasken tagogi, ta rataye tsakaninta da Kyaftin. Zauren ya yi mata tsit. Ta ji robar a kan haƙoranta, ta ji iska ta cika ƙirjinta.

"Tawa ce!"

Da 'yar iskarta maganar ta fita, amma har bango ta kai. Kyaftin ta kauce. Shiru-Shiru ta tashi sama da hannu biyu, ƙwallo ta haye raga ta dira inda babu kowa. Ta sauko tana dariya, kuma babu wadda ta kalli bakinta. Tafi kawai suke yi.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, likitar ta ɗora roba ta gaba, ta danna. Ƙas! Robar ta zauna daram.

Haƙoran ba su gama daidaita ba tukuna, da sauran tafiya. Amma da yammar nan mijinta ya faɗi wani abin ban dariya, ta tuntsire har da hawaye. Ya tsaya yana kallon hannuwanta. Suna kan cinyarta, babu wanda ya tashi.

Darasi: Kada kunyar idon mutane ta sa ki ajiye abin da yake gyara ki. Yawancin waɗanda kike tsoro ƙwallonsu suke kallo, wata ma irin kayanki take ɗauke da shi. Gyara kamar hannun agogo yake, ba a ganin tafiyarsa, amma in an bar shi zai kai. Ku tura wa wata 'yar'uwa da har yanzu take rufe dariyarta da hannu.