Bushiya da Zakin da Dila Ya Kira

Ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?

Ta ƙaraso, mun baza kunne!

Ruwa ya rushe ramin Bushiya, ga 'ya'yanta a waje. Rami ɗaya ya rage a gindin tsamiya, Dila kuma ya ce nasa ne. Kunkuru ya ce a raba gardama da wasan kira: shi zai riƙa ba da labarin yaƙi, kowa ya kira dabba ɗaya a baki ta taya shi, wanda ya yi nasara rami nasa ne. Ya ba kowannensu tafin gyaɗa guzuri.

Dila ya yi tsalle. "Na kira Zaki!"

Bushiya ta ce, "Ni Cinnaka." Ta gutsuri gyaɗa ta ajiye masa. "Malam Dila, kai ma ciyar da naka."

"Ji mini 'yar ƙaya! Zakin labari ne, ina ya ga ciki?"

"In ba shi da ciki, ba shi da haƙori. Baba Kunkuru, ba zan motsa ba sai an yanke wannan."

Kunkuru ya yi gyaran murya. "Gaskiyarta. Tunda kai ka kira shi, kai za ka ciyar da shi."

Zagaye biyu, guzurin Dila ya ƙare ƙaf wajen ciyar da Zaki. Kunkuru ya ce, "To, Zaki ya waiwayo, yana kallonka yana lashe baki."

Dila ya manta labari ne, ya ranta a na kare. Bushiya ta kwashe 'ya'yanta suka shige rami.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗo! Ku ma, kafin ku fara wasa, ku zauna ku daidaita doka.